Wasiƙa ga ɗana da aka tura Birged ta 3

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ya ɗana, bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana cikin ƙoshin lafiya kamar yadda muke a nan. Saƙonka ya iso, mun ji an tura ka Birged ta 3 da ke Kano. Allah ya sa ka shiga a sa'a. Mahaifiyarka murnarta ita ce Kano ba nisa. Ni kuwa abin da ya tsaya mini a rai daban ne, shi ya sa na zauna na rubuta maka, don maganar waya ba ta zama.

A makarantar hafsoshi ta Kaduna an zana muku birged a allo, daga sama zuwa ƙasa. Ni da na ƙare aikina da igiya a hannu, daga ƙasa na gan ta, kuma ta nan nake so ka fara kallonta. Kofur yana riƙe da mutum kamar 10. Irin waɗannan uku su ne filatun, mutum 30 da 'yan kai, wato abin da za a danƙa maka kai mai anini ɗaya, tare da saje guda. Filatun uku suna haɗa kamfani a ƙarƙashin manjo ko kyaftin. Kamfanoni su haɗa bataliya, wadda laftanar-kanar ke jagoranta, da samanjan bataliya a gefensa. Bataliya uku, wani lokaci fiye, su ne birged, a hannun birgediya-janar, shi kuma yana amsa umarnin babban kwamandan Runduna ta 1 a Kaduna. Bayan masu bindiga akwai 'yan igwa, injiniyoyin da ke gina gada da tone nakiya, 'yan sigina, likitoci, makanikai, da masu kai abinci da mai da harsashi. Da su ne birged take iya fita fagen fama ta tsaya da ƙafarta.

To, birgediya ba ya ganin mutanenka 30. Abin da ka faɗa wa manjo, manjo ya faɗa wa kanar, shi ne idonsa. In ka ce an tsare hanya alhali ba a tsare ba, ko ka ce harsashi ya wadata don kada a ga gazawarka, dubban mutane za su motsa a kan maganarka. Wannan amana ce tun daga kofur har janar, kuma duk tarihin da zan ba ka a kanta yake.

Rundunar da ka shiga tana ƙirga asalinta daga 1863, lokacin da wani Bature mai suna Gulobar ya tara wasu Hausawa a Legas ya ba su bindiga. A 1897 aka kafa rundunar tsaron iyakokin Afirka ta Yamma a ƙarƙashin Lugga. Ba zan ɓoye maka ba, ita ce ta ci Kano a Fabrairun 1903, ta ci Sakkwato a Maris, ta bi Sarkin Musulmi Attahiru har Burmi. Masu riƙe da bindigogin nan yawancinsu da Hausa ake ba su umarni. Duk ranar da ka bi ta gefen ganuwa da kakinka, ka san mutanen garin nan sun taɓa ganin soja a matsayin baƙon da ya zo da wuta, kuma halinka ne zai nuna musu cewa zamani ya sake.

A 1914 aka haɗe sojan Arewa da na Kudu. A ƙarshen 1916 aka tara bataliyoyi huɗu wuri guda, aka kira su Birged ɗin Nijeriya, aka ɗora su a jirgin ruwa zuwa Darussalam don yaƙar Jamusawa a Gabashin Afirka. Abin da ya fara karya su a bakin kogin Rufiji a farkon 1917 ba harsashin abokin gaba ba ne. Damina ce ta sauka, hanyoyi suka yanke, abinci ya kasa isowa, mazaje suka rame suna tonon saiwa suna harbin dorina don su rayu. Jarumtarsu ba ta ragu ba, ciki ne ba komai. Ka riƙe wannan duk sanda ka ji ƙaramin hafsa yana raina direban mota ko mai dafa abinci.

A yaƙin Hitila an sake komawa can. Bataliya ta 1 da ta 2 da ta 3 suka zama birged ɗaya, wadda a Gabashin Afirka aka ba ta lamba 23. Ita ta shiga Mogadishu a ranar 25 ga Fabrairu 1941, ta bi sojan Italiya arewa, kafin ƙarshen Maris tana Harar a ƙasar Habasha, tafiyar fiye da kilomita 1,000 cikin wata guda. Wannan karon motoci da mai da ruwa suna biye da su, ka ga bambanci.

Amma ƙasar Bama ta Asiya ita ce ta fi zama a bakin mazan jiya da na taras ina kurtu. Runduna ta 81 da ta 82 aka kafa daga sojan Afirka ta Yamma, lambobin da har yau ake amfani da su a Legas da Inugu. Ta 81 ta yi yaƙi a kwarin Kaladan, cikin duwatsu da kurmin da mota ba ta shiga. Jirgin sama ke jefo kaya, sai 'yan dako, su ma sojoji ne, su ɗauka a ka su hau dutse da su: harsashi, shinkafa, sassan igwa, har wanda aka ji wa rauni. Wani tsoho ya taɓa duƙar da kansa ya nuna mini tsakar kan, wurin ya yi kanta, gashi bai sake fita ba. Ba ya cikin waɗanda ake ba da labarin harbinsu, amma ba don irinsa ba da babu wanda ya yi harbi. Akwai kuma birged ta 3 ta wancan lokaci, mai bataliya ta 6 da ta 7 da ta 12, wadda a 1944 aka sauke ta da jirage a bayan layin Japanawa tare da dakarun da ake kira Cindit. Daga nan barikin Zariya inda ake horar da kurata ya samo sunansa. Haka Dodan da Myohaung a Legas, da Kalapanzin a Kaduna, duk wurare ne a Bama. Barikinku na Bokabo shi kuma sunan Bukavu ne, wani gari a gabashin Kwango inda sojanmu suka yi aikin kiyaye zaman lafiya na Majalisar Ɗinkin Duniya bayan 1960.

Yanzu ga abin da ya fi yi mini nauyi. A farkon 1966 birged biyu kacal ƙasar nan take da su, sojan duka bai wuce kamar 10,000 ba. Ta 1 tana Kaduna a hannun Birgediya Samuel Ademulegun, ta 2 tana Legas a hannun Birgediya Zakariya Maimalari. A daren 15 ga Janairu duk su biyun aka kashe su, kuma hafsoshin da ke ƙasa da su ne suka yi. Daga ranar soja ya fara kallon na kusa da shi yana tambayar daga ina ya fito. Yuli ta zo da ramuwa, yaƙin basasa ya biyo baya daga 1967 zuwa 1970, sojan ya kumbura ya kai wajen 250,000, aka yi ta ɗora mutane a kan muƙaman da ba su kai ba. Mu da muka shiga daga baya mun tarar da tabon. Saboda haka filatun ɗinka za ka sami Bayarabe da Ibo da Tibi da Babarbare da Bafulatani, Musulmi da Kirista. Kada ka ware ɗan garinku ka ba shi aiki mai sauƙi. Kuma duk wanda ya ja ka gefe da daddare yana zagin manya yana auna zuciyarka, ko abokin karatunka ne, ka tashi ka bar wurin.

Sajenka ya girme ka, wataƙila ya yi Barno kana makarantar sakandare. Zai sara maka don doka ta ce, amma amincewarsa sai ka nema. Ka tambaye shi kafin ka yanke, a keɓe, sannan ka fito ka ba da umarni da bakinka, don nauyin a kanka yake. Ka san sunan kowane soja da garinsu da wanda matarsa ke da ciki. Bayan doguwar tafiya ka sa su cire takalma ka duba ƙafafu da idonka, tsakanin yatsu ma, domin soja yakan ɓoye ciwo har ya ruɓe don kunya. Kada ka ci abinci sai na ƙarshensu ya karɓa. Na yi aiki da wani hafsa da yake taɓa kuɗin abincin yara. Ba wanda ya ce masa uffan, amma ranar da aka buɗe mana wuta ya yi ta kira, kowa na duban saje.

Aikinku yanzu yawancinsa cikin jama'a ne, shingen hanya da sintiri da bin 'yan bindiga a daji. Manomin da ka mara a shinge shi ne gobe zai ga inda aka bi da shanu ya yi shiru. Ka hana yaranka karɓar ko sisi, ka fara da kanka. In an yi kuskure aka taɓa wanda bai ji ba bai gani ba, ka rubuta yadda abin ya faru, ko da zai jawo maka tuhuma.

Ka kula da sallarka ko a bakin aiki. Ka sanar da ni bataliyar da aka ajiye ka da kuma shekarun sajenka a aiki, ina so in sani. Mahaifiyarka da ƙannenka suna gaishe ka, ta ce za ta aiko maka da yaji da dambun nama in an sami mai zuwa. Allah ya tsare ka, ya tsare waɗanda aka ba ka.

Wassalam,
Mahaifinka