Ƙawata, ki ji labarin Mary Robinson

Assalamu alaikum ƙawata,

Ya gida, ya yara, ya jikin Goggo? Shirunki ya yi yawa wallahi, ko angon ne ya ƙwace wayar?

Albishirinki! Malamarmu ta yarda in rubuta kundina a kan Mary Robinson, 'yar wasan kwaikwayo kuma marubuciyar Ingila ta ƙarni na 18, matar nan da na cika miki kunne da zancenta. Ran Asabar na je gidan adana zane-zane na Wallace Collection a nan Landan, na tsaya gaban hoton da Gainsborough ya zana mata. Tana zaune a gindin bishiya, farin kare a gefenta, ɗan ƙaramin hoton Yarima mai jiran gadon Ingila a hannunta. Sai da ƙwalla ta cika min ido.

'Yar Bristol ce, tana da shekara 15 aka yi mata aure. Mijin ya ci bashi aka ɗaure shi, ta bi shi gidan yarin da jaririyarta. Da suka fito ta shiga wasan kwaikwayo a gidan wasa na Drury Lane da ke Landan a 1776. A 1779 ta fito a matsayin Perdita a wani wasan Shakespeare, Yarima mai jiran gado, yaro ɗan shekara 17, ya gan ta ya rikice. Ya yi mata alkawarin fam 20,000, ta ajiye sana'arta saboda shi, ba a jima ba ya juya mata baya. Da ƙyar aka ba ta fam 5,000 ta mayar da wasiƙunsa. Jaridu suka yi mata ca, shi kuwa daga baya ya zama Sarki George na 4.

Na san yanzu kina taɓe baki kina cewa ita ta jawo wa kanta, halinki sai ke! Ban ce ta yi daidai ba. Amma a 1783 ƙafafunta suka shanye, daga nan da alƙalami take ci da kanta da 'yarta. Littafinta Vancenza ranar da ya fito a 1792 ya ƙare a kasuwa. A 1799 ta rubuta wa matan Ingila wasiƙa tana neman a gina wa mata jami'a. Coleridge, shahararren marubucin waƙoƙin nan na Ingila, da kansa ya yaba waƙoƙinta. Ta rasu a Disambar 1800 cikin talauci, amma har yau da an ambace ta sai a ce dadiron Yarima. Abin yana ci min rai ƙwarai.

Af, da gaske ne an sa ranar Auta, kuma wai da mutumin nan mai shagon atamfa? Ba wanda ya faɗa min! Ki ba ni labarin daga tushe. In Yaya zai taho ki ba shi kuka da daddawa, tawa ta kusa ƙarewa.

Ki gaida Umma da kyau.

Taki har kullum.