Zuwa ga Ɗana Abba, Kan Maganar Vespa

Assalamu alaikum.

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da maiɗakinka da yara. Ƙaninka ya gaya mini tun da aka sauke maka Vespa a Kaduna ta ƙi tashi, har wani bakanike ya ba ka shawarar a cire injinta a ɗora na baburan zamani. Kada ka yarda, ko da kyauta zai yi maka.

A 1975 na saye ta, da ariyas ɗin Udoji, wato kuɗin ƙarin albashin da gwamnati ta biya ma'aikata, shekarar da malaman makaranta da akawuna suka yi ta ajiye kekuna. Sprint 150 ce, ƙirar kamfanin Piaggio na Italiya. Ka tsuguna ka dube ta da kyau. Ba ta da sarƙa. Injin yana gefen dama, haɗe da tayar baya, kuma jikin nan na ƙarfe shi ne ƙashin bayanta, babu wani firam a ɓoye. Duk wanda zai sa mata baƙon inji sai ya yanka jikin ya yi walda, daga ranar kuwa ba za ta sake tafiya a miƙe ba.

Rashin tashin nan zama ne ya jawo shi. Idan ta daɗe a ajiye, fetur ɗin da ke cikin kafireta yakan bushe ya bar danƙo, ya toshe jet. A wanke kafireta, a goge filogi, a duba kontak. Da wuya matsalar ta wuce ukun nan, kuma duk aikin hantsi ɗaya ne. In ka ajiye ta, ka riƙa rufe makunnin mai.

Abin da na fi ji maka tsoro shi ne haɗin mai, don ku 'yan yanzu kun saba da babur mai ɗakin baƙin mai daban. Ita a cikin fetur take shan nata, kashi 2 cikin 100, wato mililita 100 a kowace lita 5. Ka sayi 2T, wato baƙin man da ake haɗawa da fetur, ka ajiye ɗan ma'auni a akwatin gefe kusa da sifana. Kada ka bar yaron gidan mai ya tsiyaya maka da ido, kada kuma a zuba mata ƙonannen mai don araha. In ya yi yawa, hayaƙi ne da jiƙewar filogi, wannan da sauƙi. In ya yi kaɗan, fistin zai kama kana tsakiyar gudu, tayar baya ta ƙame. Ka saba da ɗora yatsu a kan kuloci saboda irin wannan rana.

Kayan gyara ba su ƙare ba, ko me za a ce maka. Kamfanin Bajaj na Indiya ya fara ƙera babur ɗinsa Chetak a 1972 a kan fasalin Sprint, don haka kayanta da dama suna shiga. Ka zaga kasuwar Panteka da tsohon kayan a hannunka, a gwada a gabanka. Abin da aka cire kuma ka dawo da shi gida, don in ka bar shi a gareji, 'yan gwangwan za su auna shi a kilo. Bakanike kuwa ka nemi mai furfura. Yaran da suka koyi aiki a kan Jincheng da Boxer ba laifinsu ba ne, ba su taɓa ɗaure wayoyin giyar hannu ba.

Na san kai fenti ne a ranka. Ka bari tukuna. Ka fara kwantar da ita ka duba ƙarƙashin wajen ajiye ƙafa, nan tsatsa ke fara ci. Kyan ɗan maciji ne a fesa sabon launi a kan ruɓaɓɓen ƙarfe.

Sai hawa. Mun so ta ne don mutum zai zauna da babbar rigarsa ya isa ɗaurin aure tsaf, amma tayarta inci 10 ce kawai, ba ta son rami, ba ta son yashi. Birkin gaba ba abin dogaro ba ne, ka fi amfani da na ƙafa. Ka sa hular kwano, ko abokanka za su yi dariya. Kuma ka hau ta, ko da zuwa masallacin Juma'a ne duk mako. Ban ba ka ita don ka lulluɓe a zaure ba.

Takardunta da sifaya taya suna nan, ƙaninka zai taho maka da su ranar Asabar in Allah Ya kai mu. Mahaifiyarka tana gaishe ku, ta ce kada ka goya mata jikoki sai an gyara birki.

Allah Ya yi maka albarka.

Mahaifinka,
daga Kano.