Sanarwa ga Zumuntar Mata kan maganar da ta yi yawo a rukuni

Salama a gare ku, iyayena da ƴan'uwana cikin Almasihu.

An daina ganin wata ƴar'uwarmu a sujada, sai magana ta tashi a nan. Wannan ta ce ta ja da baya, waccan ta ce an gan ta a kasuwa ranar Lahadi, wai kuɗi ya fi mata ibada. Ashe surukarta ce kwance a asibiti a Kano, ita ke jinya, ta zo ne ta sayar da ɗan waken suyarta ta sayi magani. Cikin masu maganar ba wadda ta taka zuwa gidanta, ga shi kuwa ba nisa.

Ku buɗe 1 Sama'ila sura 1. Hannatu na addu'a a Shilo, leɓunanta na motsi amma ba a jin muryarta, sai Eli ya ɗauka ta sha ta bugu, har ya tsawata mata. Firist ne fa, dattijo! Amma da ta yi masa bayani bai tsaya kare kansa ba, ya sallame ta da albarka. Nan ne mu muke kasawa: gaskiya ta fito, kowa ta yi tsit, ba mai cewa a gafarce ni. Wadda ta san ta yi magana, ta nemi gafara.

Daga yau, in kin ga abin da bai kwanta miki ba game da wata, ki same ta ke da ita kaɗai, kamar yadda Matiyu 18:15 ya koyar. In aka kawo shi nan, za a goge.

Ranar Laraba bayan taro za mu je gaishe su. Mai hatsi ta kawo hatsi, mai sabulu ta kawo sabulu, kuɗi kuma a ba ma'aji kafin ranar.