Zuwa ga 'Yata, Sabuwar Shugabar Sashen Harkokin Ɗalibai

'Yata,

Bayan gaisuwa da fatan kina lafiya, Allah ya taya ki riƙon wannan amana. Ga abubuwan da nake so ki shirya tun kafin sababbin ɗalibai su shigo.

Ɗalibin da ya fi buƙatar ofishinki da wuya ki gan shi a bakin ƙofa. Mai zuwa ya ɗaga murya ya san hanya, zai samu abin da ya zo nema. Wanda ake rasawa shi ne mai shiru, alamunsa kuma a warwatse suke. Malami ya san ya daina zuwa lakca. Ofishin kuɗi ya san bai kammala biya ba. Mai kula da ɗakin kwana ya san kwana uku ke nan bai fito ba, asibitin makaranta kuma ya gan shi sau biyu da ciwon kai da rashin barci. Kowa na riƙe da guntun labari, babu mai cikakkensa, sai a wayi gari an ce yaro ya tattara kayansa ya tafi. Tun a 1975 Vincent Tinto, masani a Amurka, ya yi bayanin cewa ɗorewar ɗalibi ta rataya ne a kan yadda ya samu shiga makaranta ta fuska biyu, karatu da zaman tare. Makonni shida na farko su ne lokacin da ake kamawa ko a suɓuce.

Saboda haka ki zauna da shugabannin sassa ku amince a kan alamu uku da za su sa a turo miki suna: fashin lakca sau uku a jere, faɗuwa ko ƙin rubuta gwajin farko, da rashin kammala rajista bayan mako na biyu. Ruwa ba ya tsami banza. Fom ɗin kada ya wuce layi uku: suna da lambar rajista, abin da aka gani, da ranar da aka gani. In ya yi tsawo malami ba zai cike ba. Sunayen su iso miki a mako na huɗu ko na biyar, don bayan rabin zango abin da ya wuce ɗalibi ya fi ƙarfin gyara.

Duk mako ki tara wakilan asibiti, masu ba da shawara, ɗakunan kwana, ofishin kuɗi da tsaro, zama na awa ɗaya. Kowane suna ya fita daga ɗakin da mutum ɗaya da zai bi shi, da ranar da zai kawo bayani. In aka ce "za mu duba", to babu wanda zai duba. A tuntuɓi ɗalibin cikin kwana biyu, kuma a nan ne aka fi yin kuskure: sai a aika masa takarda mai hatimi cewa ana nemansa a ofis, shi kuwa ya ɗauka hukunci ne, ya ƙara ɓuya. A kira shi a waya, ko a tura saƙo da harshen mutane: "Mun ga kwana biyu ba ka shigo aji ba, lafiya dai?" Malamin da ya turo sunan kuma a koma masa da layi ɗaya, cewa an samu yaron ana kula da lamarinsa, ba tare da an tona sirri ba. Malamin da ya turo suna sau biyu bai ji komai ba, ba zai turo na uku ba.

Bikin karɓar sababbi kada ya zama yini guda na jawaban manya. Ki raba su rukuni-rukuni, mutum 10 zuwa 15, kowane rukuni da babban ɗalibi da aka horar, ya taka da su da ƙafa zuwa asibiti, ɗakin karatu da ofishin shawara, su ga ƙofar da fuskar mai zama a ciki. Su ci gaba da haɗuwa duk mako har zuwa na shida. Ma'aikatanki ma ki hana su cewa "je ofishi kaza". A ɗaga waya a gaban ɗalibin a sanar da zuwansa, in kuwa yana cikin damuwa a raka shi.

Maganar lafiyar ƙwaƙwalwa ina so ki riƙe ta da hannu biyu. Binciken da Ronald Kessler ya jagoranta a Amurka, wanda ya fito a 2005, ya nuna kusan kashi uku cikin huɗu na cututtukan da suka shafi lafiyar ƙwaƙwalwa suna farawa ne zuwa shekara 24, ɗalibanki kuwa yawancinsu ba su wuce nan ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa kashe kai cikin manyan abubuwan da ke ɗaukar ran matasa 'yan shekara 15 zuwa 29. Ki koya wa kowa, har masu gadi da masu kula da ɗakuna, cewa in sun ga alama su tambaya kai tsaye: "Kana tunanin kashe kanka?" Tambayar ba ta dasa tunanin, sau da yawa ma sauƙi take kawo wa mai shi. In ya ce e, kada a bar shi shi kaɗai, a kawar da magunguna da duk abin da zai iya cutar da kansa da shi, a kai shi ga likita a lokacin, ba gobe ba. Kada kowa ya yi masa alkawarin rufe maganar. Bayan an sallame shi daga asibiti a neme shi cikin 'yan kwanaki, don lokacin yana da haɗari, kuma daidai lokacin ne kowa ke saki jiki. Duk wannan ba zai yiwu ba sai da lambar waya ɗaya mai amsawa dare da rana, da jadawalin wanda ke riƙe da ita kowane mako.

Fayil ɗin shawara ya zauna daban da na ladabtarwa da na sakamako, da makulli daban. A rubuta abin da aka gani da abin da aka ji, ban da zato. Wanda ɗalibi ya buɗe wa cikinsa kada ya zauna a kwamitin da zai hukunta shi. Ranar da aka yi haka labari zai zagaye makaranta, ɗakin shawara ya koma kango.

A wajen ladabtarwa, ko laifin a bayyane yake kamar satar amsa, ki bi matakai daki-daki. Takardar tuhuma ta ambaci dokar da aka karya. A nuna masa hujjojin da ke kansa, a ba shi wa'adin da dokar makaranta ta tanada ya shirya, a saurare shi, a rubuta hukunci da dalilansa, ɗaukaka ƙara kuma ta je ga waɗanda ba su zauna a zaman farko ba. Sau da yawa hukuncin da kotu ke rushewa ba don ɗalibin bai yi laifi ba ne, don ba a saurare shi ba ne. Nevitt Sanford, masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, ya ce ɗalibi na girma ne in ƙalubale da tallafi suka yi daidai, ni ma a nan na tsaya: wanda aka dakatar zango ɗaya a gaya masa sharuɗɗan dawowa a rubuce, da sunan wanda zai karɓe shi ranar da ya dawo. Koken cin zarafi kuwa, musamman tsakanin malami da ɗaliba, ya zama yana da ƙofa fiye da ɗaya, aƙalla ɗaya ba a cikin sashenta ba. Daga ranar da ta kai ƙara a miƙa duba takardunta ga wani malami, don tsoron a kayar da ita shi ne ke rufe bakin yawancinsu.

Ɗakunan kwana ki zagaya su da kanki, da dare. Ki taɓa ƙofar gaggawa ki ga ko an ɗaure ta da sarƙa da sunan tsaro. Ki duba soket ɗin da aka jona wa hita da dutsen guga lokaci guda. Tukunyar kashe gobara a duba allurarta duk wata, a yi mata sabis duk shekara, a yi atisayen ficewa kowane zango. Ki san ainihin adadin masu kwana a kowane ɗaki, har da 'yan raɓe, don ranar gobara da wannan lissafi za a ƙirga waɗanda suka fito. Zazzaɓi mai zafi da ciwon kai da sanƙarewar wuya a ɗakin cunkoso, asibiti nan take, kada a jira safiya, don sanƙarau na iya kisa cikin yini guda. Ƙa'idar rabon gado a manna ta kafin a fara rabo, masu buƙata ta musamman a fara ba su ɗakunan ƙasa.

Shugabannin ƙungiyar ɗalibai ki zauna da su duk wata, ko babu rigima, kuma ƙarin kuɗi ko sauyin doka su ji daga bakinki kafin su gani a allo. Ki nemi ɗan asusun agajin gaggawa, mai fom shafi ɗaya da amsa cikin kwana uku.

Ƙarshen kowane zango ki fitar da lambobi uku ki kai wa shugaban makaranta: kwana nawa ɗalibi ke jira kafin ya ga mai ba da shawara, mutum nawa cikin 'yan aji ɗaya suka dawo aji biyu, da sashen da bai turo ko suna ɗaya ba. Wannan sashen shi za ki fara ziyarta a zango mai zuwa.

Allah ya yi miki jagora.

Mahaifinki