A daina korar ma'aikaci don ya kwanta ciwo

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni ɗan fili in koka kan yadda wasu masu kamfanoni a Zariya ke sallamar ma'aikata saboda rashin lafiya.

Ƙanena direba ne a wani kamfanin ruwan leda. Taifot ta kwantar da shi a asibiti, da ya samu sauƙi ya koma da takardar likita, sai manaja ya ce bai sanar tun ranar farko ba, an riga an ɗauki wani. Wanda ake ƙara wa ruwa, da wane ƙarfi zai buga waya? Matarsa ta je ta faɗa wa maigadi, ashe saƙon bai wuce bakin ƙofa ba.

Sashe na 16 na Dokar Ƙwadago ya ba ma'aikaci albashin kwanakin aiki har 12 a shekara, muddin likita mai rajista ya tabbatar da ciwon. Sashe na 7 kuma ya wajabta a ba shi sharuɗɗan aiki a rubuce cikin wata 3 da fara aiki. Da yawa a Sabon Gari da Samaru ba su taɓa ganin wannan takarda ba, balle su san wa za su kira in ciwo ya zo.

Kotun ma'aikata tana Kaduna, amma mai neman kuɗin magani ina zai samo na lauya? Jami'an ma'aikatar ƙwadago su riƙa zagayawa ƙananan kamfanoni suna duba takardun nan.

Mai karatu,
Tudun Wada, Zariya