Ɗalibanmu na Karkara, Karatu Aikinku Ne

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon a ba ni ɗan fili a wannan jarida domin in yi magana da 'ya'yanmu ɗaliban sakandare na karkara, musamman na nan Jigawa, a kan wata ɗabi'a da ke neman zama musu jiki. Duk shekarar da sakamakon WAEC ko NECO ya fito, yaron da bai haɗa kiredit biyar har da Turanci da Lissafi ba amsarsa ɗaya ce, wai malamai ba su koyar ba, ko kuma sun ƙi ba da satar amsa a ɗakin jarrabawa. Abin takaici, wasu iyayen ma taya shi faɗa suke yi.

Ba na musun cewa makarantunmu suna cikin wani hali. Akwai inda malami ɗaya yake riƙe da Lissafi tun daga aji ɗaya har aji shida, ga yara zaune a ƙasa, ga rufin da iska ta yaye. Gwamnatin maƙwabciyarmu Kano da kanta ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a 2024, kuma malamin da yake fashin aiki ya cancanci hukuma ta tuhume shi. Sai dai wannan koken na iyaye ne da hukuma, bai kamata ɗalibi ya mai da shi hujjar naɗe hannu ba.

Mu da muka tashi a gaban allo mun san yadda karatu yake zama. Malam yana biya wa almajiri sau ɗaya ko biyu ne, daga nan almajiri ya koma gefe ya yi ta maimaitawa, da asuba da kuma dare a bakin wutar tsangaya, kuma ba a ba shi izinin wanke allo sai karatun ya zauna a bakinsa. Ban taɓa jin gardin da haddarsa ta zube ya ɗora wa alaramma laifi ba, domin kowa ya san tilawa ya saki. To, me ya sa yaron da ya yarda da wannan ƙa'ida a makarantar allo yake zaton darasin minti arba'in a boko zai zauna masa ba tare da bita ba?

A leƙa gidan kallon ƙwallo na kowane ƙauye bayan sallar isha'i. Za a tarar da ɗan aji shida wanda ya haddace 'yan wasan Arsenal da Barcelona, har da kuɗin da aka sayo kowannensu, alhali littafin rubutunsa guda ɗaya tal, naɗe a aljihun baya, shi ne na Turanci, shi ne na Kimiyya. Yana da kuɗin cajin waya da na data, amma bai taɓa neman tambayoyin jarrabawar shekarun baya ba, kuma bai san cewa JAMB tana fitar da manhajar kowane darasi a intanet ba. Ranar Alhamis kuwa, da kasuwar Maigatari ta ci, wasu azuzuwan a yankinmu sai su rage rabi. Wanda mahaifinsa ya aika da awaki, ko aka tsare shi a gona lokacin yankan riɗi, yana da uzuri, haka ma yarinyar da talla da aikin gida suka cinye yininta, wadda laifinta yake wuyan iyayenta. Amma da yawa yawo ne kawai yake kai su.

Ya kamata su sani cewa tun 2015 jarrabawar JAMB ta koma kan kwamfuta gaba ɗaya, darussa huɗu, maki 400, kuma babu malamin da zai tsaya a kansu ya raɗa musu amsa. Ga Jami'ar Tarayya ta Dutse da aka kafa a 2011, ga Jami'ar Sule Lamiɗo a Kafin Hausa, ga Kwalejin Ilimi ta Gumel, duk a ƙofar gida, amma babu ɗaya daga cikinsu da take karɓar ƙorafi a madadin maki.

Shawarata ita ce 'yan aji biyar da shida su haɗu uku-uku ko huɗu-huɗu a zauren wani dattijo mai fitilar sola, su riƙa warware tsofaffin tambayoyi, abin da ya gagare su kuma su rubuta su kai wa malami washegari. A iya sanina, malamin da ɗalibi ya bi da tambaya har inuwar bishiya ba ya korarsa. Iyaye kuma, ko da ba su yi boko ba, za su iya cewa a buɗe musu littafi su ga ko an yi rubutu yau.

Na gode da wannan dama. Allah ya ƙara wa jaridarmu ɗaukaka.

Naku,
Wani uba daga ƙaramar hukumar Gumel, Jihar Jigawa