Abba, kar ka sayar min da babur

Assalamu alaikum Abba, ya aiki ya iyali. Ummanka ta gaya min wai ka kawo wani ɗan gwangwan ya duba babur ɗina na zaure har ya yi tayi. To ban yarda ba, kuma makullin da ka ɗauke ranar da aka yi min aikin yanar ido ka dawo min da shi, na san don lafiyata ka yi, Allah ya yi albarka, amma ka dawo da shi.

Honda CD 175 ɗin nan da kuɗin Udoji na saye shi a 1975, lokacin da aka biya ma'aikata ariyas kowane malamin makaranta ya zama mai babur. Da shi nake fita Kano bayan asuba in bi ta Kazaure in sha fura a Daura, in ƙetare Kwangwalam har Damagaram, ba wanda zai tare ka sai 'yan kwastan su ma gaisawa ce. Hanyar Jos kuwa ta Tudun Wada, ka shiga dajin Falgore da sanyin safiya iska na dukan ƙirjinka injin na ta gurnani a giya ta huɗu, ba ka jin komai sai shi, wallahi har yau in na kwanta wani lokacin sai in ji hannuna na dama yana murɗawa da kansa. Ku da kuka taso cikin gosulo da a daidaita sahu ba za ku gane ba. Yanzu ga tsadar mai tun da aka cire tallafi a 2023, ga hanyoyin da sai mutum ya tambaya kafin ya bi, ga gwiwa ta ƙi buga kik. Duk na sani, ba sai an gaya min ba.

Tunda kai ma ka sayi Boxer bari in gaya maka abin da na sani. Hular kwano ka sa ta don kanka ne ba don 'yan rodsefti ba, a 2009 da aka tilasta ta har ƙwarya wasu 'yan acaɓa suka dinga kifawa a ka ana dariya, to kwalta ba ta san wasa ba. Kar ka taɓa shiga gefen tirela a kwana, direban ba ya ganinka. Ruwan farko in ya sauka titi santsi yake kamar an zuba karkashi, ka bar matse birkin gaba shi kaɗai. Cen ɗinka ka dinga duba shi da kanka kar ka jira bakanike, baƙin mai kuma kar ka yi masa rowa, man bumburutu in ba dole ba ka haƙura da shi don yana cuɗe kafireta. Gangancin nan da samari ke yi a rakiyar ango kuwa, ka je asibitin ƙashi na Dala ranar wata Asabar ka ga ƙafafu a rataye, ka dawo mu yi magana.

Ga buƙatata. Ka kira bakaniken nan tsoho na bakin kasuwa, shi ya san injin mai silinda biyu, yaran yanzu ɓata min shi za su yi. Ya sa fulogi da batir da sababbin tayoyi, ni zan biya daga fansho. Bayan sallah ka tuƙa ni ina baya mu je Daura, in mun wuce Kazaure inda titi ya miƙe ba motoci sai ka sauka ka ba ni ko zuwa gari na gaba ne. Kar ka gaya wa Ummanka wannan ɓangaren tukuna.

Ka gaida min maiɗakinka da mutanena.

Babanka